Ranar da Alli Ya Ƙare

Ran Laraba alli ya ƙare mana a Gangare,
ruwa na dukan kwanon aji huɗu kamar mai bin bashi.
Ni da bulalata muka dubi juna.
Shekara sha ɗaya muna tare,
ba ta taɓa koya wa kowa bakwai sau takwas ba.

Yara hamsin da uku, benci sha biyu,
kowa ya cusa hannu a hammata,
sanyin Jos bai san ɗan malam ba.
Na ce, ku ture benci, ku yi da'ira.
Suka yi tsuru-tsuru,
suna neman inda na ɓoye tarkon.

Ga doka, na ce, za mu ƙirga baki bayan baki,
ɗaya, biyu, uku, har inda numfashi ya kai.
Wanda bakwai ta faɗo wa, ko ɗaya cikin 'ya'yanta,
kada ya kama sunanta,
ya buga ƙafa, ya ce: kuza!
Wanda ya manta ya faɗa rami,
ramin kuwa shi ne tsakiyar fili.

Nanret ta buɗe da ɗaya.
Lamba ta kama gudu kamar wutar kara.
Gyang ya ce sha huɗu da bakinsa,
aji ya fashe,
ya shiga rami yana riƙe ciki don dariya.
Da jiya ne, da hawaye zai biya wannan kuskure.

Sai ga Tasi'u na bencin baya,
wanda sau uku na rubuta a katinsa
cewa ba ya ƙoƙari.
Tun lamba tana baki biyar kafin nasa
na ga ƙafarsa ta ɗaga tana jira.
Arba'in da tara, kuza.
Aka sake zagaye, sittin da uku, kuza.
Na ce, kai, wa ya koya maka?
Ya sunkuyar da kai:
Malam, a Farin Gada ni ke kasa wa Baba tumatir,
bakwai-bakwai yake so,
in na yi kuskure, ribar ce ke tafiya.
Ashe yaro yana da rijiya,
ni ne gugata ba ta da igiya.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe.
Hedimasta ne, lema na ɗiga, fuska a murtuke:
Aji ne wannan ko tashar Bauchi?
Kafin in haɗa kalma,
Rakiya ta matsa ta ba shi wuri,
na kusa da ita ya ce hamsin da biyar,
shi kuwa, da muryar taron safe,
ya ce: hamsin da shida!

Shiru.
Har ruwan ya sassauta don ya ji.

Ya dubi yara, ya dubi rami,
ya naɗe lema, ya tattare riga,
ya zauna kusa da Gyang a kan siminti.

Ran Litinin alli ya dawo, kwali guda.
Amma yanzu akwai gwangwanin marafan kwalba a teburina,
da ƙwallon tsumma da muke jefawa:
ka cafe, ka faɗi babban birnin Taraba,
ka cafe, ka kawo kishiyar tsawo.
Ban ce an gama ba,
Ummita har yau tara na kayar da ita,
tana tashi tana karkaɗe siket.

Bulala kuwa na sama mata aiki,
ita ke tokare tagar da ƙugiyarta ta karye.

Jiya da yamma a gadar Dilimi
na kama kaina ina ƙirga taku.
Ashirin da shida, ashirin da bakwai,
na buga ƙafa.
Mai gasa masara ta ɗago kai ta dube ni.