Haƙora Arba'in

Ba ni na fara ganewa ba, katakon ne ya faɗa.
Maɗacin da na tura da hantsi
ya fito da baƙin gefe kamar ƙanzon tukunya.
Ƙauri ya tashi, inji ya yi nishi,
garin da ke zuba kamar tsaki
ya koma laushin toka.
Sa'ad da faifan zarton nan ke da ƙuruciya
shi ke ja, ni ina bi.
Yau ni ke turawa har kafaɗa ta yi tsami.

Jabbi ya ce, "Maigida, a yar da shi.
Ga sababbi can shagon Arzika,
cikin kwali, suna ɗaukar ido."
Jabbi bai taɓa sayen man janareto ba,
bai san abin da kwali ke ci a aljihu ba.
Na kwance noti, na naɗe faifan a takardar siminti,
na hau kabu-kabu zuwa Kara.

Nomau na nan inda na bar shi bara,
gindin dogonyaro:
magagari uku a tsumma, guntun alli,
tabarau da aka ɗaure da zare.
Sau shida yana wasa mini faifan nan.
Yakan ɗiga alli a haƙorin farko
don kada ya zagayo sau biyu,
ɗaya ya karkata dama, ɗaya hagu,
kowanne shafa uku, ba huɗu ba,
don in ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo
shi kaɗai zai yi aikin arba'in.

Yau bai taɓa alli ba.
Ya rataya faifan a yatsa,
ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kasa kunne.
Lafiyayyen ƙarfe kan ja kuka
har ka gama amsa sallama bai yi shiru ba.
Nawa ya ce kwaf,
kamar fasasshiyar ƙwarya.

Ya bi da farce, ya tsaya tsakanin haƙora biyu.
Tsaga ce, ba ta kai silin gashi ba,
ta nufi cibiya.

"Wanga ya gama," in ji shi.
"Kaifi in ya tahi, ana kira nai shi dawo.
Tsaga ba ta jin kira."
Na ce ko sau ɗaya, ina da ƙofofi tara,
mai gida a Mabera na jira Alhamis.
Na ce zan ninka kuɗin.
Ya zare tabarau, ya juyo mini da idon hagu,
fari fat kamar nono.
"Haƙori guda yat tashi.
Mai shi ma Alhamis yac ce."

Bai karɓi ko na goro ba.

Arzika ya faɗi kuɗin sabo, na nemi kujera.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa,
ribar ƙofa huɗu ta shige kwali.
Amma da la'asar maɗaci ya buɗe baki ba gardama,
gefe sumul, gari na zuba kamar tsaki.
Jabbi na ta murmushi wai maganarsa ta fito.
Na bar shi.
Rabinta ce ta fito.

Tsohon kuwa, Nomau ya miƙa wa maƙeri.
Ran Juma'a na bi ta wajen dukawa,
na ga wani dattijo yana fiɗar jar fatar akuya
da 'yar wuƙa mai baƙin tabo a gadon baya.
Na san tabon.
Ni na ƙona shi, ranar da na matsa wa ƙirya.

Na dawo na ja layi ɗaya da gawayi a bango,
na ba Jabbi ƙusa.
Na ce kowace safiya, kafin ka tada inji,
ka buga, ka yi shiru,
ka ji abin da zai ce.