Layi Bakwai

A bayan Ƙofar Marusa akwai wani shago
da faɗinsa bai kai tabarma biyu ba.
Rabe ne a ciki, Rabe ɗan wanzami,
da alƙalami ɗaya a bayan kunne
da tawadar da ya haɗa da kansa,
gawayi da ƙaro, a kwalbar turare.

Ubansa Barau aska yake yi.
Ranar suna Rabe ke riƙe zabira,
yana kallon yadda tsaga uku a kunci
ke faɗin gidan mutum da garinsu da kakansa
tun jariri bai san sunansa ba.
"Hannun da ya ƙara ɗaya," in ji tsohon,
"ya mai da ɗa baƙo a zauren ubansa."

Bai gaji askar ba. Jini na sa shi jiri.
Tasha ya tafi, yana zanen bayan manyan motoci:
zaki, dabino, jirgin sama, damisa mai haƙoran zinariya,
shekara tara yana cika katako da surutu,
har ranar da mahaifiyarsa Tabawa ta rasu,
aka zazzage akwati, aka duba ƙasan katifa,
ba hotonta ko ɗaya.

Ya zauna da fenti gwangwani takwas.
Ya yi mata idanu. Ba ita ba ce.
Ya yi ɗankwali har da furanninsa. Ba ita ba ce.
Kwana arba'in yana ƙarawa, tana ƙara nisa.
Wata asuba ya jawo farar takarda
ya ja layi guda:
yadda wuyanta ke karkata in tana tsince wake.
Ƙanwarsa ta shigo da koko,
ta dire kwanon a ƙasa,
ta ce, "Inna."

Daga ranar ya fara ragewa.

Ni wata Laraba na je masa,
cikin sabuwar shadda, hula ta sha bugu.
Ya ba ni benci, ya aika a kawo shayi,
ya tambaye ni kuɗin taki a bana,
da wanda ya gyara min babur, da ciwon ƙafar yayana.
Alƙalami yana bayan kunne.
Aka kira azahar. Aka dawo.
Sai da na gaji da zaman manya,
na saki kafaɗa, na manta da shi,
na ji takarda ta yi ƙara.

Na ƙirga. Bakwai.
Ba shadda. Ba hula. Ido ɗaya, shi ma rabi.
Na ce, "Malam Rabe, dubu goma, layi bakwai?"
Ya hura tawadar a hankali.
"Bakwan kyauta na ba ka.
Kuɗin na ɗari tara ɗin da ban ja ba ne."

Ya ce fuska ba buhun gero ba ce
da za a yi ta dannawa sai ta cika.
Ya ce farin nan da nake kira ba komai,
fili ne ya bar wa wanda ya san ni
ya shimfiɗa abin da ya sani.
Wanda bai san ni ba, ko gashin gira aka ƙirga masa,
wucewa zai yi.

Na biya ina gunaguni.
Na jefa shi bayan kabad wata biyar.

Jiya ana share-share ya faɗo.
Na ɗauka zan mayar, sai na tsaya a kan na bakwai,
wanda ya gangaro daga gefen hanci
ya tsaya kafin ya kai baki.
Shekara arba'in da shida ina duba madubi
ban taɓa ganin sa ba.
A fuskar mahaifina na san shi,
da yamma, in ya dawo daga gona,
ya zauna bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi
bai ce wa kowa komai ba.

Rabe bai taɓa ganin mahaifina ba.

Na nemi ƙusa.