Gurasar da ke Rataye

Shodmon, an auna ka a Surgut
a kan sikelin kaya.
Kilo ɗari da arba'in da biyu, har da akwatin tutiya.
Ma'aikaciyar ta rubuta, ko kai ba ta ɗaga ba.
Na so in ce mata ba ka taɓa wuce saba'in ba,
ko a shekarar da inabinmu ya yi albarka,
sai Rashancina ya maƙale a maƙogwaro.

Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin haya.
Hular sanyinka aka zagaya da ita.
Bahrom ya sa kuɗin ciran haƙorinsa,
mai fenti ya sa na sigarin wata guda,
wani da ba mu san sunansa ba
ya zuba tsaba, ya juya yana share hanci.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya:
sauran na ranta wajen wanda ba ma ga maciji da shi.

Takarda tara, hatimi goma sha huɗu.
Ɗaya ta ce zuciya ce ta tsaya.
Babu wadda ta ambaci hawa na takwas,
ko ƙanƙarar da ta kwana a kan katako,
ko igiyar da aka ce sai Litinin za ta iso.
Na sa hannu.
Mai son a ba shi gawarsa ba ya ja da mai hatimi.

A jirgi an ba ni kujerar taga.
Kana can ƙarƙashin ƙafafuna,
tsakanin talabijin ɗin wani da keken ɗan wani.
Da aka kawo shayi na karɓi kofi biyu.
Sabo ne. Ɗaya ya huce a hannuna.
Shekara huɗu muna cewa baɗi za mu koma tare.
To, ga shi mun cika alkawari.

A Hujand kawu Nurullo ya zo da motar albasa,
ya wanke ta sau uku, warin ya ƙi tafiya.
Muka ɗaure ka tamau.
Yau kam an sami igiya.
Gonakin auduga suka yi ta wucewa,
duwatsu na kallonmu da fararen rawuna.

Inna ta fito ba takalmi.
Ta shafa akwatin ta ko'ina tana neman bakinsa,
ta kara kunne, ta ƙwanƙwasa,
kamar mai zaɓen kankana a kasuwa.
'Yarka Mohira, wadda a waya kaɗai ta san fuskarka,
ta ja rigata: "Cajin Baba ne ya ƙare?"

Dattawa suka yi ta gardama kan a buɗe ko a bari,
har maƙerin gari ya gaji, ya ɗauko kurfi.
Inna ba ta dubi fuska ba.
Babban yatsanka ta nema,
inda lauje ya sare ka kana ɗan shekara bakwai.
Ta ce, "Shi ne." Ta zauna a ƙasa.

Kafin la'asar mun rufe ka kusa da Baba.
Ƙasar nan ba ta tambayi takarda ba.

Ka tuna gurasar da ka gutsura ranar tafiya,
aka rataye sauran don ka dawo ka cinye?
Tana nan a kan ƙusa, ta bushe kamar dutse,
da shatin haƙoranka, har da giɓin nan.
Babu wanda ya iya sauke ta.

Alhamis jirgina zai tashi.
Bashin akwatinka ba ya jiran arba'in.
Da asuba Inna ta hura tanderu,
ta zo da sabuwar gurasa mai zafi,
ta tsaya gabana, hannunta na rawa.
Ta riga ta kafa ƙusa ta biyu.

Shodmon, na buɗe baki.