Kofi na Tara

Ƙarfe shida a Gilasgo, gari bai waye ba.
Ruwan sama na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Na buɗe shagon Morag, na kunna fitila,
na jera fararen kofuna goma sha biyu bisa katako,
kowanne da murfinsa, kowanne da lambarsa.

Da harshe nake neman abinci.
Giram biyu da rabi a sikeli, ba ƙari ba ragi,
ruwa ya tafasa, a zuba, a rufe,
minti biyar a agogon yashi.
Mai gaggawa ya sha ruwan zafi mai launi,
mai sakaci ya sha maɗaci.

Da cokali nake zuƙa, da ƙara, fuuut,
abin da Inna za ta mare ni a kai da tana kusa.
In zagaya da shi dasashi, in tofar a gwangwani,
in rubuta: wannan zuma-zuma,
wannan hayaƙi ya taɓa shi,
wannan damina ta yi masa yawa, ya fito lami.
A gida ruwan bunu muke ce masa,
abin sha ranar da kuɗin madara ya yanke.
Nan kuwa sai mai hali ke shansa tsura,
yana lumshe ido.

Kofi na tara ba suna,
lamba kawai, da tsayin dutsen da ya haife shi,
ƙafa dubu shida da 'yan kai.
Na ɗaga murfi.
Ganyen ya warware, ya miƙe, ja kamar tagulla,
tururi ya bugi fuskata,
sai ga ni a Kakara, kan tsaunin Mambila,
gajimare ya sauko yana kiwo tare da shanu,
raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa.
Ga Inna Barmani, kwando a baya, igiya a goshi,
hannu biyu na tafiya bisa kan shuka kamar kaji a tsaba:
ganye biyu da toho,
ganye biyu da toho.
Ta ce, nan sama sanyi ke riƙe wa ganye wuya,
ba ya girma da garaje,
abin da na kwari zai zubar a sati
shi sai ya tara a wata.
Yatsunta sun tsage, tsagar ta rine baƙi.
Da yamma a auna kwando, a rubuta kilo a littafi.
Cikakken ganye irin wannan bai taɓa shiga tukunyarmu ba,
garin da ya rage a gindin buhu muke dafawa,
da citta, da kanumfari, don ya yi baki.

Ban tofar ba.
Shekara bakwai ina wannan aiki, yau na haɗiye.

Morag ta shigo tana kakkaɓe lema.
Na ce, na tara na garinmu ne, ko a mafarki na san shi.
Ta duba takarda, ta gyara tabarau,
ta ce, Tabawa, wannan daga Nepal ya zo.

Na sake zuƙa.
Har yanzu Kakara.

To, wata ce can, bayan wani dutsen,
da igiya a goshi, da tsaga a yatsa,
ban san sunanta ba, ba ta san nawa ba.
Na ba shi maki mafi tsoka a jerin,
na sayi giram hamsin daga albashina.

Da dare na dafa shi a ɗaki, na kira gida.
Layi na yankewa, ina jin awaki a bayanta.
Na ce, Inna, shayi nake sha, irin na sama.
Ta ce, da madara?
Na ce, a'a.
Sukari fa?
Na ce, babu.
Ta yi shiru.
Ta ce, Tabawa, gaya mini gaskiya,
ba su biya ku ba ne wannan watan?