Inci Ɗaya da Rabi

Shekara uku ina tara magana
kamar mai tsintar gero a bakin turmi.
Yau ga kundi, shafi ɗari biyu da sha ɗaya.
Matar ofishin ba ta karanta ko layin farko ba,
ma'auni ta ɗora, ta tsuke baki:
"Gefen hagu ya yi ƙunci.
Inci ɗaya da rabi. Koma."

Na koma.
Daga ƙofar jami'a har Asawase a cikin tirotiro,
kundin a cinyata
kamar jaririn da aka ɗage ranar sunansa.

Na ture gefen kaɗan, kaɗan fa,
sai gidan duka ya motsa.
Jadawali na huɗu ya rabu biyu,
kai a nan, ƙafafu a maƙwabta.
Kan babi na uku ya gangaro gindin shafi
ya tsuguna shi kaɗai,
baƙon da dare ya yi wa a tasha.
Jerin abin da ke ciki ya koyi ƙarya:
ya ce je ki tamanin da bakwai,
na je, na yi sallama, ba kowa.
Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta.
Ban adana ba.

A shagon Kwaku Frimpong na Ayeduase
injin ya tofar da haruffana masu lanƙwasa,
duk inda suke ya ajiye ɗan akwati wofi.
Ya ce, "Sa na Turawa mana, wa zai gane?"
Na ce, "Kwaku, tsakanin ƙura da kura
akwai haƙora."

Amma ba nan gizo ke saƙar ba.
Manazarta.
Na jera su bi da bi, kowa da shekararsa a baka.
Baturen da ya kwana tara a Kumase
ya sami layi uku, har da sunan garinsu.
Iya Gambo fa?
Shekara hamsin tana ɗaure huhun goro,
da shinshina take raba daushe da sabo,
da tafin hannu take sanin marsa da minu,
babi biyu daga bakinta na kwaso
a kan tabarma, bayan isha'i.
Dokta Amponsah ya ce, "Hira ce, Barira.
Ba maɗaba'a, ba lambar shafi.
Ambata ta a ciki, amma ba ta shiga jeri.
Ba ni na kafa ƙa'idar ba."

Daren da zan kai ɗinki
na shimfiɗa mata takardun a tire.
Ba ta san boko ba, yatsa ta bi da shi
har ya tsaya kan farin nan na hagu.
"Wannan fili fa, na wane ne?"
Na ce na zare ne, Iya, nan allura za ta bi.
Ta gyaɗa kai:
"Huhu ma sai an bar wa igiya wuri.
Mai cika ganye har baki, a hanya yake zubarwa."
Ta ce a miƙo alƙalami.
Can ƙurya, inda ɗinki zai haɗiye,
ta zana sunanta da ajami,
ƙanana, a karkace, kamar sawun tururuwa.

Ranar Litinin matar ofishin ta ɗora ma'auni.
Bango baƙi, rubutun ruwan zinari.
Ta auna sama, ta auna ƙasa,
ta auna hagu har sau biyu,
ta buga hatimi.

Yanzu yana kan kanta a ɗakin karatu,
manazarta casa'in da huɗu, daga A har Z.
Ta casa'in da biyar tana cikin ƙashin baya,
ita ke riƙe da su duka.