Bashin Kaset

Ƙarfe biyun dare a Bronx ina wankin motocin haya,
sabulu ya cinye min fatar yatsu,
sai ga wata baƙar mota ta shigo layi,
gilashi a sauke, kiɗa na tashi.
Na tsaya da soso a hannu.
Gurmina ne. Muryata ce.
Har da tarin da ya sarƙe ni a baiti na uku,
wanda Lawandi ya ce a bar shi haka,
ba mu da kuɗin sake ɗauka.

Direban ɗan Maraɗi ne, gemu bai gama fito masa ba.
Na ce, samari, wa ke waƙar nan?
Ya duba waya, ya taɓe baki:
"Ba suna, Baba. Turo min aka yi.
An ce wani tsoho ne, ya daɗe da rasuwa."
Na ce Allah ya jiƙansa.
Na ci gaba da goge masa madubi.

Wata bakwai na yi ina tara kuɗin ɗaukarta
a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a titin Webster,
inda awa ɗaya ke cin dala sittin.
'Yata Kyauta ta ɗora min ita a manhaja,
ta cike takardun haƙƙin mallaka
da sunana da na ubana da na kakana.
Shekara ta zagayo, saƙo ya zo:
rabonka dala huɗu da 'yan kwabbai.
Amma tana cikin wayoyi daga nan har Agadas,
tsirara, ba suna, ba uba,
ana rawa da ita a bukukuwan da ba a gayyace ni ba.
Lauya ya ce zama da shi ma dala ɗari uku ne.
Ya ce, to wa za mu kai ƙara? Iska?

Ban yi fushi yadda ya kamata ba.
Akwai dalili.

Ina ɗan shekara sha bakwai a Ƙofar Wambai
ina da rediyo mai baki biyu.
Kaset ɗaya ya shiga, ɗari su fito kafin la'asar.
Wata ranar Laraba Nomau mai kukuma ya biyo ta rumfarmu,
takalminsa ɗaya ɗaure da waya,
ya ji kansa yana kuka daga lasifikata.
Ya tsaya har waƙar ta ƙare.
Ya ce, yaro, nawa kake sayar da ni?
Na ce naira biyu.
Ya ce ashe ina da tsada.
Ya wuce. Ko ruwa ban ba shi ba.

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.
Nawa ya ratsa ƙarƙashin teku,
shekara arba'in yana jirana a wannan bakin.

Yaron ya tada mota,
ya miƙo min dala biyar, ya ce a sayi shayi.
Na karɓa da hannu biyu.
Ta fi abin da waƙar ta kawo min a shekara.

Ya sha kwana wajen gadar jirgi,
muryata na binsa tana ƙanƙancewa.
Na kasa kunne har wurin tarin nan.
Sannan na tsoma soso a bokiti.