Igiyar Ƙasa

Da dare ba na kiran sunansa.
Igiya nake cewa, yadda kakata ke yi,
ko da yake nan Agbowa ne, bayan Ikorodu,
ban ma sani ba ko na nan suna jin Hausa.

Shekara shida ina tsaron gonar Alhaja Sikiratu,
kaji dubu biyu, tafkin tarwaɗa uku,
rogo, da ayabar da ba ta san rani ba.
Mutanen gida na ce mini ɗan Ikko,
suna zaton ƙarƙashin fitilun gada nake kwana.
Ba su san ciyawar nan ba:
ka sare ta ran Litinin,
ran Juma'a ta kamo gwiwarka tana dariya.

Kowace asuba sai na kife takalmin roba na girgiza,
na dama, na hagu,
na daman kuma, don zuciya ba ta yarda da ido ba.
Butar alwala ma sai na zungure ta da sanda.
Na zuba baƙin mai a gindin katanga,
na ƙona tsohuwar taya har maƙwabta suka yi tari.
Baba Alabi ya ce in shuka taba a bakin ƙofa.
Taba ta yi kyau. Barci bai zo ba.

Tiyon ban-ruwa ya taɓa sa ni tsalle
na watsar da ƙwai talatin.
Aka cire a albashina, ban yi musu ba.
Wa zai tsaya gaban Alhaja ya ce roba ce ta kore shi?

Ba ni aka sara ba. Jatau ne, ƙanena,
a gonar gero, muna yara, yana bina a baya.
Ni na fara bi ta wurin.
Ƙafata ta tsallake, tasa ta taka.
Kububuwa ce, ba ta kai kamu biyu ba.
Kafin keken kawu ya kai mu bakin titi
ya daina kiran sunana.
Tun ranar nake tafiya ina kallon ƙasa,
har mutane na yaba mini kunya.

Jiya, bayan ruwan la'asar,
Lantana, 'yata, shekara huɗu, haihuwar nan,
ta fito daga bayan ɗakin kaji
da saɓa a wuyanta kamar gyale,
fara, ta fi ta tsawo,
har da gurbin idanu.
Baba, ta ce, wani ya manta rigarsa.

Ihun ya taso, ya maƙale a maƙoshi.
In zuba mata abin da ke cikina
ta girma tana girgiza takalmi sau uku?
Ko in bar ta da wannan dariya
ta tura hannu a ramin da ba nata ba?

Na durƙusa na zare abin daga wuyanta.
Ba nauyi, kamar ɓawon albasa.
Yatsuna na rawa, na ɓoye su a cikinsa.
Na ce, mai rigar ya ɗinka sabuwa, yana nan kusa.
Ba ya son a taka shi.
In kin gan shi ki tsaya cak, ki ja da baya, ki kira ni.
Ta ce, kai ba ka tsoronsa?
Kaji suka ci gaba da surutunsu.
Na ce, je ki sa takalmi.

Da dare na ƙirga ƙwai, biyu babu,
kuma ɓeraye sun yi shiru a ɗakin dusa.
To, yana ci, yana biya.
Ban rubuta komai a littafin Alhaja ba.
Na haska ƙarƙashin gado, na haska bayan randa,
na sake haska ƙarƙashin gado.
Lantana na barci, ƙafa ɗaya a waje da gidan sauro.
Na mayar mata da ita ciki.
Batirin tocila ya fara sanyi,
gobe in mai ɗaukar ƙwai ya zo, zan ba shi saƙo.